Neman Kabarin Inna Kafin Damina

Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar? Kina shafa maganin kuwa, ko kin cusa shi ƙarƙashin gado kamar yadda kika saba? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Maman yara tana gaishe ki ƙwarai.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Sau biyu ina gwada faɗa miki a waya, da na ambaci Inna sai ki fara kuka, ni kuma in rikice in koma tambayar lafiyar yara. Shi ya sa yau na rufe keken ɗinki, na kwashe almakashi da ƙyallaye daga kan teburin yanka, na zauna in rubuta a tsanake.

Kin san kogin da ke bayan maƙabarta. Da muna yara akwai gonaki biyu tsakaninsa da katanga. Yanzu babu gonakin. Daminar bara ya ci rabin katangar baya, ya buɗe kwazazzabon da babbar mota za ta shige ciki ba a gan ta ba. Injiniya ya zo ya auna, ya kafa jajayen turaku, ya ce duk abin da ke bayan turakun ba zai kai ƙarshen daminar bana ba. Liman ya tara mu bayan la'asar, ya ce addini bai hana a ɗauke mamaci ba idan ruwa zai tafi da shi, kuma an ba da fili a kan tudu. Sai dai bayan turakun yana da faɗi, masu haƙa kaɗan ne, lokaci kuma ya ƙure. Don haka kowane gida zai nuna nasa, a tona, a sa a sabon likkafani, a kai tudu. Wanda ba a nuna ba, ba za a tsaya nemansa ba. Inna tana bayan turakun, Yaya.

Ke ba ki taɓa shiga ba, sai dai ki hango kawunan itatuwa ta saman katanga, don haka bari in gaya miki yadda cikin yake. Mutanenmu ba sa gina kabari, ba sa rubuta suna. Shekara uku ko huɗu tudun kabarin ya baje, wurin ya koma kamar ba a taɓa sa diga ba. Shekara arba'in da Baba ya yi yana haƙa kabari, duk wanda ya rufe sai ya dasa masa itace a wajen kai, ya ɗan matsa da shi don kada saiwa ta dami mai wurin. Kuma ba kowane itace yake ɗauka ya dasa ba, halin mutum yake dubawa. Mafaɗaci ya ba shi aduwa mai ƙaya. Mai kyauta ya ba shi kanya, yara da tsuntsaye su ci. Jarirai duk magarya ce. Tsohon ladan gawo ya samu, wai shi ma kullum lokacinsa daban da na mutane. Da haka kowa ya san nasa. Mutum bai cewa zan je wurin mahaifina, sai ya ce zan je wurin kanyarmu.

To mu namu mai sauƙi ne. Tsamiyar da ke kusa da kusurwa ce ta Inna, kuma kin san bakinta, ba sai na faɗi dalili ba. Ranar Laraba za a zo kanmu. Na riga na yanka likkafanin da hannuna, ban yarda wani ya taɓa ba.

Baba yana nan yadda kika bar shi. Yana cin abinci, yana salla a zaune, wani lokaci ya maimaita azahar sau uku. Ni dai wata rana ya ce mini Auta, wata rana ya tambaye ni ko ni ɗan wane gida ne. Kullum da safe sai ya tambaya ko Inna ta dawo daga rijiya, mu ce masa tana hanya, ya gyaɗa kai.

Ki kwantar da hankalinki, komai zai tafi daidai in Allah ya yarda. Ki gaishe da maigida da kyau.

Ƙaninki,
Auta


Ranar Alhamis

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigida da yara, da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai dai ni kunya ce ta hana ni fita shago tun jiya.

Tsamiyar ba tamu ba ce.

Jiya da hantsi na je da likkafani a hammata, na tarar da 'ya'yan tsohon mahauci su uku a gindinta, su ma da nasu likkafanin. Na ce musu sun yi ɓatan hanya. Suka ce ni ne dai na ɓata. Kin san ni da saurin hawa, har na fara ɗaga murya a wurin da bai kamata ba. Aka kira Dogo, abokin aikin Baba, wanda kike tsoro da kina ƙarama. Ya tsufa, kunne ya yi nauyi, amma kansa garau. Ya dafa tsamiyar ya ce shi da hannunsa ya riƙe ta Baba yana tura ƙasa, kuma ta mahauci ce, don duk garin ba wanda ya kai shi tsamin baki. Aka tona, aka same shi a inda Dogo ya ce. Ashe shekara ashirin da biyu ina yi wa mahauci addu'a. Babban ɗansa har godiya ya yi mini, kuma da gaske yake yi.

Zan faɗa miki gaskiya tunda takarda ce ba ido da ido ba. Ba wanda ya taɓa ce mini tsamiyar ta Inna ce. Ni na zaɓa mata ita da kaina. Ranar da aka rufe ta ina da shekara goma sha huɗu, ina can baya ina kuka, ban ga komai ba sai bayan rigunan manya. Da na girma na ji kunyar tambayar Baba, kada ya ce ɗan da ta fi so bai san inda take ba. Kuma ba wani zuwa nake yi ba. Sau ɗaya a shekara, wata shekarar ma ɗinki ya sha kaina in ce sai an kwana biyu.

Da la'asar muka bi itatuwan bayan turaku ɗaya bayan ɗaya, ni da Dogo. Saba'in da huɗu ne. Kowanne ya dafa sai ya faɗi mai shi, da gidansu, da ciwon da ya yi ajalinsa. Muka kai na ƙarshe a bakin kwazazzabo, bai ambaci Inna ba. Na yi masa ihu a kunne na ce ya sake tunani. Ya ce lokacin rasuwarta yana kwance da karaya, Baba shi kaɗai ya haƙa, bai bari kowa ya kama masa ba. Na zaga gidajen dattawan da suka raka ta. Yawancinsu su ma suna cikin maƙabartar. Biyun da suka rage, ɗaya ya ce wajen kogi ne, ɗayan ya ce shi ma yana jin wajen kogi ne.

Sai na yi abin da nake da-na-sani a kansa. Yau da safe na durƙusa gaban Baba, na riƙe hannunsa, na tambaye shi wane itace ya dasa wa Inna. Ya dube ni ya daɗe. Ya tambaya me ya same ta da za a dasa mata itace. Ya riga ya gani a fuskata. Yaya, ban taɓa jin kuka irin wannan ba. Yana tambaya yaushe, me ya sa ba a tashe shi ba, wa ya haƙa mata, ko an sa itatuwan rufi da kyau. Maman yara ta kore ni daga ɗakin, kuma ta yi daidai. Zuwa azahar ya manta, ya sake tambaya ko ta dawo daga rijiya. Ni ne ban manta ba.

Likkafanin yana nan cikin akwati. Hadari bai fara haɗuwa ba tukuna, Dogo ya ce muna da kamar mako uku. Ki taya mu da addu'a, ki kuma duba ko Baba ya taɓa faɗa miki wani abu, ko da a cikin hira ne.

Ƙaninki,
Auta


Ranar Asabar

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na karanta ta har sau uku. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi. Faɗan da kika yi mini na karɓa, ban da wurin da kika ce tun ina yaro ba na riƙe komai a kai sai awon wando. Wannan kam zan rama in kin zo.

Na bi shawararki duk da raina bai so ba. Kin ce a kai Baba wurin ba tare da an tambaye shi komai ba, ƙila ƙafarsa ta tuna abin da kansa ya manta. Ƙafar ai ta daina aiki shekara biyu ke nan, amma na aro keken guragu, muka tura shi ni da Dogo ta babbar ƙofa da sanyin safiya.

Da ma kin ga fuskarsa. Muna shiga inuwa ya miƙe zaune, ya gyara hula. Ya fara yi wa itatuwa sallama, yana kiran masu su da sunayensu, yana tambayarsu kwanan gida. Mutumin da bai san ni ba, bai yi kuskuren ko ɗaya ba, Dogo yana biye yana gyaɗa kai. Ya tsaya kan wata kanya ya yi faɗa wai an bar kauci ya hau ta. Ya sa na tsinko masa ganyen magarya ya murza ya shinshina. Na zaga da shi duk bayan turaku, a hankali, ina kallon idonsa kamar mai zura zare a allura. Bai tsaya ko'ina ba sai inda itace yake. Da rana ta ɗaga ya ce mu koma gida, kada Inna ta dawo ta tarar ba kowa.

A nan na gane ba za mu samu daga wurinsa ba. Ta yaya zai nuna kabarin wadda a wurinsa tana rijiya?

Da muka mayar da shi, Dogo ya zauna a bencin shagona yana shan ruwa, sai ya ce ya tuna wani abu. Bayan ya warke daga karayar, ya tambayi Baba me ya dasa wa maiɗakinsa. Baba ya ce bai dasa komai ba. Wai itace don masu mantuwa ne. Dogo ya ce daga ranar bai sake tayar da maganar ba. Abin da ya sani kawai, kullum bayan asuba Baba yana shiga ta ƙaramar ƙofar gefe shi kaɗai da butarsa, kafin kowa ya zo, ya fito rana na ɓullowa. Bai taɓa bin sa ba, don ya ga ba a gayyace shi ba.

Ba zan ɓoye miki ba, haushin Baba na ji. Mutum ya yi wa garin nan kaf alama, har da mahauci, har da baƙon da ya mutu a tasha ba a san danginsa ba, amma matarsa ya bar ta a fili. Ya ɗauka shi ba zai tsufa ba ne? Ya ɗauka mu ba ma buƙata? Na shiga ɗakinsa da wannan haushin, na tarar yana ƙoƙarin ɓalle maɓallin rigarsa ya kasa. Na ɓalle masa, na fito.

Aiki ya kusa ƙarewa. An kai sittin da takwas tudu. Wurin can fili ne fetal, ba inuwa ko ta tsuntsu, mutane suna tsaye da likkafani suna dube-dube kamar baƙi. Shi ya sa kowa ya koma tsohuwar maƙabarta yana tsintar 'ya'yan itacensa, masu kanya su tsinci kanya, masu aduwa su tsinci aduwa, su je su binne a wajen kan nasu. Liman da kansa na gani da ƙwallon kurna a aljihu. Itatuwan baya kuwa suna tsaye a kan ramuka, ba kowa a ƙarƙashinsu, suna jiran kogi.

Ni na auna wurin da tef ɗina, tsawo da faɗi, na zana a takardar yankan riga, na cire inda itatuwa suke. Abin da ya rage ya fi filin ƙwallo. Ƙasa ce busasshiya da ganye a kai, ko'ina iri ɗaya. Mun soka ƙarfe a wurare fiye da talatin, ba mu ji komai ba.

Jiya da yamma gabas ta yi baƙi, iska ta kawo ƙamshin ƙasa. Duk unguwa ana murna, manoma suna wasa fartanya. Ni kaɗai nake roƙon Allah ya riƙe ruwansa, kuma ina jin nauyin roƙon. Ban san abin da zan sake yi ba, Yaya.

Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Auta


Ranar Juma'a

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da maigida da yara. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, ki kuma bar kukan sai kin kai ƙarshe, don kada ki jiƙa mini takarda.

Ruwan ya sauka washegarin ranar da na rubuto miki, tun azahar har magariba, kamar da bakin ƙwarya. Ina shago ina jin rugugin kogi daga nan. Da aka ɗauke aka ce kwazazzabo ya ci taku goma, ya tafi da gawon ladan da wasu itatuwa huɗu. Na ce shi ke nan, ƙila ma tana cikin abin da ya tafi. Kwana biyar ban leƙa ba. Ina ɗinki ina farkewa, har na haɗa wa wani hannun riga a baibai.

Rana ta shida na ce bari in je in ga iyakar ɓarnar, in san abin da zan rubuto miki. Motar masu kwashe kayan aiki ta tare babbar ƙofa, sai na zaga ta ƙaramar ƙofar gefe, wadda rabona da ita tun ina yaro. Na tura ta da kafaɗa, na shiga.

Ciyawa ta tsiro. Duk filin nan da na auna ya zama kore shar, gajeriya, ba ta kai idon sawu ba. A tsakiyarta kuma, tun daga bakin ƙofar, ga wani siririn layi da bai tsiro ba, faɗinsa bai wuce tafin ƙafa biyu ba. Da rani ba a ganinsa, don ko'ina ƙasa ce. In damina ta yi nisa kuma ciyawa takan rufe shi. Sai a 'yan kwanakin nan kawai. Na taka na ji shi da tauri kamar daɓe. Akwai wasu hanyoyin a maƙabartar, na masu ziyara, amma kowace daga babbar ƙofa take tasowa ta ƙare a gindin itace. Wannan ba ta nufi itace ba. Ta kauce wa kanya, ta bi ta bayan wata aduwa, ta miƙe wajen kogi. Na bi ta, ina tsoron in ga ta ƙare a bakin rami.

Ta tsaya saura taku shida ta kai bakin kwazazzabo. A ƙarshenta akwai wani ɗan wuri a share, zagayayye, daidai zaman mutum ɗaya, da wani ƙarami a gefensa inda gindin buta yake sauka. Shekara ashirin, kullum. Na zauna a wurin, na fuskanci inda mai zaman zai fuskanta. Ba komai a gabana sai ciyawa. Na yi mata sallama, na ce Auta ne, na ba ta haƙurin daɗewa. Sauran abin da na faɗa tsakanina da ita ne.

Na ruga na ɗauko Dogo da Liman. Dogo ya soka ƙarfe sau ɗaya ya ce a kawo shebur. Da aka kai ga itatuwan rufi sai ya dakatar da kowa, ya sauka da kansa duk da tsufansa, ya shafa su da hannu. Ƙirya ce, wadda gara ba ta ci, an jera ta ba tazarar da yatsa zai shiga. Ya ce shekara talatin suna aiki tare, bai taɓa ganin Baba ya yi rufi irin wannan ba, kuma ƙirya ba ta kusa, sai an yi tafiyar yini. Ƙasa ko kaɗan ba ta zuba mata ba. Ni na riƙe likkafanin, Dogo da Liman suka yi sauran. Kafin azahar tana kan tudu, a sahun da ke fuskantar gari, na kuma roƙa aka bar wurin mutum ɗaya a gefenta. Shekaranjiya aka sake ruwa. Wurin zaman nan da rabin hanyar duk sun tafi.

Ban gaya wa Baba komai ba, ba kuma zan gaya masa ba. Haushin da na ce miki ina ji, ki yage waccan takardar in kina da ita. Ranar da na dawo na wanke masa ƙafafu da ruwan ɗumi, na daɗe ina shafa musu mai. Ya ce ni yaron kirki ne, ya tambayi ko ɗan wane gida ne ni.

Yanzu ga abin da za ki yi mini faɗa a kai. Dogo ya zo da 'ya'yan itatuwa cike da hula, ya ce in zaɓa mata. Na juya su na juya, na rasa wanda ya yi daidai da ita. Na ce a bari. Ya dube ni, ya ce irin taurin kan gidanmu ne ya jawo wannan wahalar tun farko. Da na juya baya ya binne wani farin dutse a wajen kanta, yana tsammanin ban gani ba. Na gani, na ƙyale shi, don yaranmu.

Ni dai daga masallaci nake wucewa can bayan asuba, kafin in buɗe shago. Yau kwana bakwai ban fasa ba. Tafiyar da ɗan nisa, hawan kuma yana sa ni haki, maman yara tana ta yi mini dariya wai tumbina zai ragu. Ƙasar tudun tsakuwa ce, in na waiwaya ba na ganin sawuna ko ɗaya. Dogo ya ce in ba ta shekara biyar.

In kin zo zan kai ki bakin shingen tudun, daga nan ana hango wurin sarai. Ki gaishe da maigida da yara. Allah ya jiƙan Inna, ya ba Baba sauƙi, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta